Da Hannuna Na Shafa Wa Karena Guba

Da hannuna na shafa wa karena guba, a daminar bara waccan, a bayan wani gidan bulo da ke Tudun Wada. Ban yi don in kashe shi ba, a ganina magani nake yi masa. Bai mutu ba, amma bai koma yadda yake ba, ba kuma zai koma ba. Dalilin da ya sa na aiko muku da wannan ke nan. Ban yi boko ba. Ni nake faɗa wani yake rubutawa, na kuma ce masa kada ya ƙara gishiri. Ba zan ambaci sunan kowa ba sai na karen.

A da ni ba mutumin kirki ba ne, ba na ɓoyewa. Ban tashi gaban uwa da uba ba. A tasha na girma. Na yi dako, na yi kwandasta, na shiga tauri, na bi 'yan farauta shekara da shekaru. Da ƙarfi ya fara ja baya na koma fasa dutse a bayan gari, a can nakiya ta tashi kusa da ni. Na tashi da ƙafata, amma kunnen dama ya tafi gaba ɗaya, na hagu kuma sai an matso an ɗaga murya. Matar da nake da ita ta gaji da ihu ta tafi, ban ga laifinta ba. Tunda ba na jin amsa, sai na daina tambaya. Haka na zama mutumin da ake gaisarwa ya ɗaga hannu ya wuce.

Wani Alhaji mai gidan bulo ne ya ɗauke ni aiki. Da rana in kwaɓa siminti in buga bulo, in an tashi in zama mai gadi. Ya ba ni ɗakin langa-langa a cikin filin. Ya san ina da ciwon kunne, bai san ya kai haka ba, ni kuma ban faɗa ba, don babu mai ɗaukar kurma gadi. Abin da ya rufa min asiri kare ne. Na tsince shi yana ɗan kwikwiyo a cikin kwata bayan an ɗauke ruwa, baƙi wuluk, na sa masa Duna. Abin da na ci shi yake ci. Ban koya masa komai ba, shi ya gane da kansa. Da ya lura haushi ba ya motsa ni, in an buga ƙofa sai ya zo ya buga min kansa a gwiwa, ya koma ƙofar, ya sake dawowa har sai na tashi. In Alhaji ya kira ni daga nesa, Duna ne yake juyawa, ni kuma in bi idon kare in amsa. Akwai ranar da tifa take ja da baya za ta juye yashi, ina duƙe na ba ta baya, direba yana ta hon ban ji ba. Duna ya kama ƙafar wandona ya fizga har ta yage. Tun daga ranar leburori suke cewa Duna ne mai gadi, ni ɗan rakiya ne. Wasa suke yi, amma gaskiya suka faɗa.

Mutanen layinmu ba sa son sa. Kare ne, baƙi kuma. Mai shayin bakin layi Sarkin Karnuka yake ce min, in na miƙa masa kofi ya ce in ajiye a ƙasa, wai sai ya wanke sau bakwai kafin ya ba wani Musulmi. Ba na tanka masa, rabin maganar ma ba na ji. Mutum ɗaya ce take kula karen, wata tsohuwar nas da ta yi ritaya, Kirista, gidanta yana jikin katangar filinmu. Duk layin Mama muke ce mata. Takan miƙo masa ƙashi ta saman katanga. Ita ta fara gaya min akwai wasu likitocin dabbobi masu aikin taimako, suna kafa rumfa duk Asabar a unguwa-unguwa, suna yi wa karnuka da kyanwoyi rigakafin hauka, suna duba dabbar da ba ta da lafiya, ba sa karɓar ko sisi. Sun ma taɓa zagayowa layinmu da mota da lasifika. Na gan su, ban ji abin da suke faɗa ba. Mama ta ce in kai Duna. Na ce a'a. A wurinmu 'yan farauta, abin da muka sani shi ne allura tana kashe wa kare zuciya, ya koma kamar tunkiya. Ban da haka, duk abin da aka taɓa ba ni kyauta a rayuwata daga baya da jikina na biya. Mama ta dube ni ta ce, ɗan nan, kanka ya fi bulon da kake bugawa tauri.

Da damina ta yi nisa ciyawa ta rufe bayan filin, kaska ta kama Duna. A cikin kunne, a tsakanin yatsu, a wuya, wasu sun ƙoshi sun kai girman gurjiya. Ina cirewa da hannu ina jefawa a wuta, kashegari wasu sun maye. Ya shiga susa ba ji ba gani. Gashin bayansa ya zube, fatar ta yi ɓawo, ya rame har ana ganin haƙarƙari. In an buga ƙofa yana tashi, amma da ƙyar. Hankalina ya tashi. Mama ta sake yi min maganar likitocin nan, na ce mata to, a raina na san ba zan je ba. Maimakon haka na tafi wurin wani tsohon mafarauci da na bi a da, yanzu yana sayar da fatu da sassaƙe a kasuwa. Da na ambaci likita sai da ya yi dariya har da tari. Ya ce yaushe na zama ɗan boko, yau in kai kare asibiti, gobe in saya masa gado da katifa. Ya ce in yi abin da muka saba. In samo baƙin mai a wurin bakanike, in zuba fiya-fiya, maganin sauron nan da ake sayarwa a kwalba babu rubutu, in dama, in shafe karen tun daga kai har wutsiya, in ɗaure shi a rana. Na taɓa ganin an yi. Ban yi gardama ba.

Ran Asabar siminti ya yanke, ba mu yi aiki ba. Da hantsi na haɗa abin a tsohon gwangwanin fenti. Warin kaɗai ya sa Duna ya ja baya. Na daka masa tsawa, ya kwantar da kunnuwa ya dawo ya tsaya. Wannan shi ne abin da yake cina har yau. Da ya gudu da ya tsira. Don na ce ya tsaya ne ya tsaya. Na shafe shi da tsumma, hannuna ba komai, har cikin kunnuwa, har inda fatar ta tsage. Na ɗaure shi a jikin ƙarfen famfo inda rana take duka, na tafi shan koko. Da na dawo na ga kaska suna zubowa ƙasa, na ji daɗi. Yana lasar jikinsa, ban hana shi ba. Ba a jima ba miyau ya fara dalala daga bakinsa. Daga nan kumfa. Daga nan jikinsa ya ɗauki karkarwa kamar injin bulo. Ya yi amai, ya saki zawo, ya faɗi a gefe yana shure-shure, idonsa a kaina.

Wata mata da ta shigo ɗiban ruwa a famfon ce ta gani, ta yar da bokiti ta fita a guje. Ban ji abin da take faɗa ba, amma na gane da na ga jama'a sun cika ƙofa. Mahaukacin kare take cewa. Wasu da duwatsu, wani da taɓarya, mai shayi da faskare a hannu. An kira Alhaji a waya, ya iso yana haki, ya matso kunnena na hagu ya ce a kashe shi yanzu-yanzu, akwai yara a layin nan. Ya tambaye ni ko an taɓa yi masa rigakafi, na girgiza kai. Ya ce to magana ta ƙare. Na ɗauki shebur na tsaya a kan karen. Na san abin da ya same shi, gwangwanin ma yana bayana, amma bakina ya ƙi buɗuwa. In tsaya a gaban mai shayi in ce ni na yi? Sun san na yi tauri, shi ya sa babu wanda ya fara matsowa, amma dutse ɗaya ya wuce ta gefen kaina, na biyu ya sami Duna a cinya.

Mama ce ta ratso su da sandarta. Ta tsaya nesa kaɗan ta shaƙi iska, ta dubi hannuna da ya yi baƙi, ta dubi gwangwanin. Ta juya ta ɗaga murya ta ce wa jama'a ashe duk ba su da hanci, wannan ai warin fiya-fiya ne. Wasu suka sauke hannu, wasu suka ce ko ma mene ne a kashe a huta. Ta sa na watsa wa karen ruwa, ruwan ya bi ta kan man ya wuce. Sai ta kamo rigata ta jawo kunnena. Ta ce yau Asabar, likitocin nan suna filin wata firamare wajen Gyallesu, bayan azahar suke tashi. Ta ce in ina son sa da rai in daina tsayuwa kamar gunki.

Na naɗe shi a buhun siminti na fita titi. Mai keke na farko ya tsaya, ya leƙa, ya ja da gudu. Na biyu ya ɗaga murya ya ce haba Malam, ko gawar mutum ce sai ya yi shawara, balle kare mai kumfa, wa zai sake hawa kekensa. Wani ɗan acaɓa ya matso kunnena ya ce in bar wahalar da kaina, in kai wa masu cin kare tun da sauran numfashi. Da a zamanin da ne da na karya masa haƙori. Na koma filin na ɗauko baron da muke ɗiban yashi, na kwantar da Duna a ciki. Alhaji yana ta magana yana nuna baron, ban tsaya ba.

Wanda ya san hanyoyin Tudun Wada da damina ya san abin da nake nufi. Taɓo, ramuka, ruwa kwance da ba ka san zurfinsa ba. Tayar baron a lanƙwashe take, duk ramin da na faɗa sai kan karen ya bugu da ƙarfe, sai na cire rigata na tura masa a ƙarƙashi. Ba na jin hon, mota sai ta zo daf da ni nake ganin inuwarta. Wani keke ya goge min gwiwar hannu, ban ko waiga ba. Mutane suna darewa in sun hango abin da ke cikin baron. Ban san wace firamare ba ce. Duk wanda na nufa da tambaya sai ya ja baya, ya ba ni amsa daga nesa, ni kuma in ga baki yana motsi kawai. Wani ya nuna gabas, wani ya nuna inda na fito. Na shiga wata makaranta, mai gadinta ya koro ni da sanda. Kaina ya fara sarawa, idona yana dishi-dishi, miyau yana cika min baki, na ɗauka gajiya ce. Ina tafiya ina tsayawa ina taɓa haƙarƙarinsa. Yana numfashi, amma kamar ana shaƙe shi. Na ga mutane sun fara alwala a bakin masallatai, na san azahar ta yi. Sai na hango wani yana jan akuya an shafa mata shuɗin magani a ƙafa, bayansa wata mata da kyanwa a kwando. Ban tambaye su ba. Na bi hanyar da suka fito.

Na same su suna loda kwalaye a mota, an sauke rabin rumfar. Na yi zaton zan ga wani babban mutum. Sai ga mace, matashiya, da hijabi, ta ɗora farar riga a kai. Ita ce babbar likitar, sauran ɗalibai ne da masu taimako. Ta sa kowa ya ja baya, ta sa safar hannu mai kauri, ta leƙa baron. Ta yi magana ban ji ba, na nuna kunnena, sai ta zagayo ta hagu. Ta tambayi abin da ya ci. Na ce a bola ya ci wani abu. Ta tambayi man da ke jikinsa, na ce a garejin bakanike ya kwanta. Ta tambayi rigakafi, na ce ba a yi ba. Ta tambayi ko ya ciji wani, na ce a'a. Sai ta ce, Baba, dube ni. Ta ce hancinta yana gaya mata abu ɗaya, bakina yana gaya mata wani. Ta ce in abin da take zato ne, akwai allurarsa a cikin kwalin da aka loda, in kuma ba shi ba ne, dole ta ɗauke shi a matsayin mahaukacin kare, shi kuma ba a yi masa magani. Ta ce karen ba shi da lokacin jiran kunyata. Na faɗa mata. Na sha sara, na sha duka, ban taɓa jin abin da ya yi min nauyi kamar wannan 'yar maganar ba. Na jira faɗa. Ba ta yi ba. Ta juya ta ce a sauke kwalaye.

Ta yi masa allura, ta buɗe idonsa ta duba, ta saurari ƙirjinsa, ta sake yi masa wata. Aka rataya ledar ƙarin ruwa a ƙarfen rumfa. Suka ba ni safar hannu da garin sabulu da bokiti, suka ce in wanke shi tunda ni ya sani. Mai gadin makarantar yana jawo ruwa a rijiya, ina wankewa, baƙin ruwa yana zuba, ina sakewa. Ɗaliban da suka gama shirin tafiya gida suka tsaya, babu wanda ya ɓata rai. Ana cikin haka likitar ta dubi idona ta dubi hannuna, ta ce ni ma gubar ta shige ni ta fata, in wanke jikina a kai ni wani asibiti da ke kusa. Na ce ba inda za ni. Ta ce to in na faɗi a nan wa zai tura baron, ita dai ba ta iya ba. Na tafi. Aka yi min allura aka dawo da ni. Wajen la'asar kumfar ta ragu, karkarwar ta lafa, ya kwanta shiru kamar tsumma.

Na ɗauka za su ba ni shi. Ta ce a'a. Na farko, gubar ba ta gama fita ba, tana iya dawowa. Na biyu kuma, tunda ba a taɓa yi masa rigakafi ba, babu wanda zai rantse cewa guba ce kaɗai, sai sun killace shi sun sa masa ido. Ta ce mutanen layinmu ba wawaye ba ne, haukan kare yana kisa, ta ga wanda ya kashe, kuma in ya nuna a jikin mutum babu magani. Ta ce da na kawo shi lokacin da suke zagayawa, da yau ita za ta tsaya masa a gaban kowa. Iyakar faɗan da ta yi min ke nan. Suka sa shi a motarsu, na koma da baro wayam.

Kwanakin da suka biyo baya ban san zama ba. In na zauna sai in miƙe. In zagaya katanga in dawo in sake zagayawa. Duk inda na tsaya sai in riƙa waiwaye, don ban san abin da ke bayana ba. Abinci in sa a gaba in manta da shi, ko in gutsuro in miƙa ƙasa sannan in tuna. Na kwaɓa siminti ruwa ya yi yawa, bulo suka rushe. Alhaji ya kira ni ya sake kira ban juya ba, sai da ya jefo min tsakuwa. A ranar ya gane yadda kunnena yake. Bayan nan wani ya shigo da rana tsaka ya kwashe shebur-shebur, ina zaune a ƙofar ɗakina na ba shi baya. Alhaji bai wulaƙanta ni ba, ba zan yi masa ƙarya ba. Ya zaunar da ni ya ce mutanen layi sun kai magana wurin mai unguwa, ko karen ya warke ba sa son sa a nan. Ya ce gadi dai na ga yadda ake ciki, amma in ina so in ci gaba da buga bulo, ɗakin ma in riƙe, sharaɗi ɗaya ne, ban da kare. Na ce zan yi tunani. Ban yi ba. Tun yana magana na san amsar, abin da ban sani ba shi ne ko akwai karen da zan zaɓa.

Wurin da suka ajiye shi wani gida ne a wajen Kongo, da keji-keji a bayansa. Kullum in an tashi aiki a ƙasa nake zuwa. Da farko kwance kawai yake, ko kai ba ya ɗagawa, an aske masa gashi, ga allura a hannu. In tsuguna a bakin kejin in yi ta kallon cikinsa yana hawa yana sauka. In tashi in tafi, in kai bakin ƙofa in dawo. Mai share wurin ya ce in kawo tabarmata, akwai keji babu kowa kusa da na Duna, abinci ma sau biyu ne. Wata rana na zo na tarar ya ci abinci ya yi amai, wata rana an ce ya sha ruwa ya zauna. Likitar ba ta taɓa ce min zai tashi ba, ba ta kuma ce ba zai tashi ba. Kullum sai ta ce, Baba, yau dai ya fi jiya, ko ta ce yau sai addu'a. Ranar da ya tashi, ina tsugune ban ma lura ba. Sai na ji abu ya taɓa ni. Ya taso yana tangaɗi, ya turo hancinsa ta cikin wayar kejin. Na juya baya don kada mai sharar ya ga fuskata.

Da kwanakin killacewa suka cika aka tabbatar ba hauka ba ne. Suka yi masa rigakafi, suka ba shi ƙwayar maganin kaska a cikin nama, da wani ruwa na shafawa don fatar. Ƙwaya ɗaya ce, ba ta kai ƙwayar masara girma ba. Kaskar da ta sa na kusa kashe shi, ƙwayar nan ce ta gama da su. Na je musu da zabi a matsayin godiya, don ba na son a ce an yi min abu na tafi haka. Likitar ta yi dariya ta ce in mayar in yi miya. Ta ce maganin wasu mutane ne suke haɗa kuɗinsa, wasu a garin nan, wasu a nesa, babu wanda ya san ni a cikinsu, su kuma lokacinsu suke bayarwa. Na tsaya ina jiran in ji abin da za su nema a wurina daga baya. Har yau ba su nema ba. Abin da ta ce kawai, in na san masu karnuka irina, in turo su.

Na ɗauka an gama. Bayan 'yan makonni ƙafafunsa na baya suka fara rauni. In ya tashi sai bayan ya karkace, yana jan farce a ƙasa. Na mayar da shi, a baron aro. Ta ce irin wannan gubar takan taɓa jijiya daga baya, wani ya warware, wani ya tsaya a haka. Suka koya min yadda zan riƙa murza masa ƙafafun, in zura tsohon zane a ƙarƙashin cikinsa in ɗaga, in riƙa takawa da shi a hankali. Na yi, safe da yamma. Ya samu sauƙi, yana tafiya da kansa. Gudu dai ya tafi.

Na koma wurin tsohon mafaraucin nan na gaya masa. Ya ce ni na cika hannu, ko kuma karen ne ba shi da ƙwari. A nan na tuna karnukan da suka mutu a hannunmu zamanin farauta, bayan an yi musu irin wannan shafin. Mu ce maciji ne. Mu ce 'yan farautar wani gari ne suka yi musu sammu. Mun taɓa zuwa mun fasa wa mutane kai a kan haka. Ban gaya masa ba. Ya tsufa, ba zai ji ba, ko da kunnensa ya fi nawa.

Ga abin da nake so in faɗa wa masu karnuka, musamman 'yan farauta da masu gadi irina. Kada ku shafa wa dabba fiya-fiya, ko maganin feshin gona, ko baƙin mai. Kaska za ta mutu, gaskiya ne, karen ma zai bi ta, kai ma da ka shafa ba ka tsira ba. Maganar cewa allura tana kashe zuciyar kare ƙarya ce. An yi wa Duna allurai iri-iri, har yau baƙo ba ya matso ƙofata kai tsaye. Ku kai su rigakafi tun suna lafiya, don ranar da kare ya yi kumfa a baki babu wanda zai tsaya jin bayani, kuma ba za ka ga laifinsu ba. In kun ga kare yana kumfa ba ku san dalili ba, kada ku taɓa shi, ku nemi masu aikin. In likita ya tambaye ku abin da kuka yi, ku faɗa da wuri. Ni ƙaryata ta cinye lokacin da ba nawa ba. Su kuma mutanen rumfar nan, da waɗanda suke ba su kuɗin magani, ban san yadda ake godiya da dogon zance ba. Allah ya saka musu. Sun tsaya a rana saboda karen da garin nan kaf ya ce a kashe, da mutumin da ya taɓa ƙin su.

Na bar gidan bulon. Yanzu ina gadin wani lambu a bakin rafi, bayan Gyallesu, a ɗakin kara, babu maƙwabci sai masu ban ruwa. Ran Asabar ina zuwa duk inda suka kafa rumfa, ina riƙe musu karnuka masu faɗa a yi musu allura, don hannuna ya san wuyan kare. Duna yana tare da ni. Ya yi ƙiba, gashinsa ya fito, yana jan ƙafar hagu. In za mu zagaya lambu a hankali muke tafiya, in ya tsaya in jira shi.